Baba ya ce in yi SIWES a Daura: wata shidan nan ya tafi a banza ke nan?

Wata ɗaliba 'yar aji uku, mai karatun ilimin ƙananan halittu a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar Katsina, ta aiko min da wannan tambaya kan SIWES, wato shirin tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki da hannunsu kafin su gama karatu: "Malam, an raba mana takardar neman wurin SIWES na wata shida. Ƙawayena duk Abuja da Kano suka nufa. Ni Baba ya ce ba inda za ni, in yi a Daura kusa da gida. Ko da ma ya yarda, ba ni da uwa a gindin murhu a can. Akwai wurin kirki a nan da makaranta za ta karɓa, ko wata shidan nan ya tafi a banza ke nan?"

'Yata, bai tafi a banza ba. Na fi shekara goma ina bin ɗalibai wuraren da aka tura su, ina duba littafin aikinsu ina sa hannu, kuma abin da idona ya nuna min shi ne girman gari da tsawon bene ba su ke koya wa ɗalibi aiki ba. Abin da ke koya masa shi ne a samu mutum ɗaya a wurin wanda ya san aikin, kuma ya yarda ya bar hannun ɗalibin ya taɓa. In kin samu wannan mutumin a Zango ko Sandamu, kin fi wadda ta samu kujera da na'urar sanyaya ɗaki a Abuja ba tare da shi ba.

Wata shekara na je duba ɗalibaina a wata babbar ma'aikata a wani babban birni. Tun daga get sai da aka karɓi katina aka ba ni wani na ratayawa. Na hau sama na tarar da su su shida a kan benci ɗaya a baranda, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Na karɓi littattafansu. Mako na farko: an zagaya da mu. Mako na biyar: na lura da yadda ake aiki. Mako na goma sha ɗaya: na lura da yadda ake aiki. Biyu daga ciki har kuskuren rubutunsu iri ɗaya ne. Da na matsa wa ɗaya da tambaya, sai ya ce gaskiya Malam, babban aikina shi ne sayo wa oga abincin rana. Ba laifin ma'aikatar kaɗai ba ne, ɗalibai sun fi arba'in aka jibge mata daga makarantu daban-daban, wa zai bi ta kansu?

A cikin makon nan kuma na bi hanyar arewacin jihar nan zuwa wata cibiyar lafiya mai ɗaki biyar. Ɗakin gwajin bai fi shago ba, madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya ne, an lulluɓe shi da tsohon ɗankwali saboda ƙura. Ɗalibata na ciki, farar rigarta duk ɗigon shuɗin rini. Ban zauna ba ta ce Malam zo ka gani. Ta ɗora gilashin da ta shafa jini ta rina da kanta, ta ɗiga mai, ta daidaita, ta matsa min. Ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro nan kamar ɗan zobe a cikin jan ƙwayar jini. Ta gaya min dalilin da ya sa wanda ta yi jiya bai fito ba: ruwan da ta tsarma rinin da shi ne bai dace ba, mai ɗakin ya sa ta sake sau uku. Wannan yarinyar ba sai na yi mata wata tambaya ba.

Shi SIWES ɗin ma abin da aka kafa shi a kai ke nan. An kafa hukumar ITF, wato asusun gwamnatin tarayya na horar da ma'aikatan masana'antu, a 1971, hedikwatarta tana Jos, ita kuma ta fito da wannan shiri a 1973 saboda masu ɗaukar ma'aikata suna kukan cewa ana yaye musu ɗalibai da takarda amma hannunsu bai san aiki ba. Babu inda aka ce sai a birnin tarayya. Abin da makaranta ke dubawa shi ne aikin wurin ya yi daidai da karatunki, akwai wanda ya cancanta ya kula da ke, kuma wurin sananne ne, yana da takarda mai tambari da hatimin da za a buga a littafinki.

A nan ne zan ja miki kunne, domin nan ɗaliban da ke son aiki cikin al'umma suke tuntuɓe. Ke mai karatun ƙananan halittu ce. Ƙaramin asibitin da ba shi da komai sai ɗan tsinken gwajin maleriya na minti goma sha biyar ba zai ishe ki wata shida ba, kuma mai yiwuwa sashenku ya ƙi amincewa. Ki kafa gindinki a ɗakin gwaje-gwajen babban asibiti na Daura ko wata cibiya mai cikakken ɗakin gwaji, inda za ki ga fitsari da bahaya da jini da majina kullum, ki koyi rini da haifuwar ƙwayoyin cuta a faranti da tsabtace kayan aiki. Daga nan sai ki nemi izinin mai kula da ke ki riƙa bin ma'aikatan da ke fita ƙauyuka kwana ɗaya ko biyu a mako. Kafin ki kai takardarki ko'ina, ki zauna da kodinetan SIWES na sashenku ki faɗa masa wannan tsari, ya amince. Kada ki bari sai kin yi wata biyu sannan a ce miki wurin bai karɓu ba.

Wuraren fita kuwa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, kowacce tana da sashen lafiya a matakin farko, da ɗakin ajiyar alluran rigakafi inda dole firjin ya tsaya tsakanin maki 2 da 8 a ma'aunin Celsius, ana rubuta zafinsa safe da yamma. Abin da kika karanta a aji kan yadda zafi ke kashe ƙarfin allura, a nan za ki gan shi a jikin kwalba. In lokacinki ya faɗo cikin damina, akwai rabon maganin rigakafin maleriya gida-gida ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wata-wata, kuma jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada shi a ƙasar nan a 2013. Akwai cibiyoyin tamowa, inda ake ɗaura wa yaro ɗan tef mai launi uku a damtse: in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, abin ya yi tsanani. Akwai maganar ruwa: rijiyoyi, burtsatse, ruwan 'yan ga-ruwa, ruwan leda, da wanda ke fitowa daga madatsar Sabke. Ɗalibar ƙananan halittu da ta ɗebi ruwa daga bakin famfo, ta sake ɗebar wannan ruwan daga randar gida bayan kwana ɗaya, ta gwada su biyun, ta samu abin rubuta furojet ɗinta na aji huɗu tun kafin a tambaye ta. Ga kwata, ga jami'an dabbobi a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ga nonon da ake kawowa daga rugage.

Ki faɗa wa 'yan ajinku na wasu sassan ma. Mai karatun noma yana da malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Katsina, da masu noman rani a Zobe da Jibiya da Daberam. Mai injiniyanci yana da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa Daura da Katsina, ga kuma Jami'ar Sufuri a nan Daura. Mai tarihi yana da gidan adana kayan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ga Gobarau, ga Kusugu. Mai kwamfuta ya shiga kowane ofishin ƙaramar hukuma ya dubi tarin fayilolin da gara ke ci, zai san akwai aiki.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina. A shekarun 1970 asibitin Malumfashi yana cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma binciken cututtukan da aka yi a ƙauyukan Malumfashi a lokacin har yau masana na ƙasashen waje suna komawa kansa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a tsakiyar shekarun nan, tare da na Gusau da na Gombe, shi ne tushen hukumomin noma irin su KTARDA da ake da su a jihohi yanzu. Mutane sun taso daga Ingila sun zo ƙauyukanmu neman ilimi, mu kuma muna ganin sai mun bar su za mu samu.

Yanzu ga abin da ba a koyarwa a aji, wanda kuma shi ke raba ɗalibin da gari ya karɓa da wanda aka yi wa kallon baƙon ido. Gari yana da ƙofa. Ranar farko da za ki fita ƙauye, kada ki zaro takardar tambayoyi. Ki bi incajin asibitin wurin ya kai ki gaban mai unguwa, in da hali har wurin dagaci. Ki tuɓe takalmi, ki durƙusa, ki ce ranka ya daɗe, ki bar wanda ya kawo ki ya yi bayani. In an tambaye ki, ki faɗi 'yar gidan wane ce ke a Daura, ki ce karatu aka turo ki, koyo kika zo. Wannan minti goman zai buɗe miki gidaje ɗari. Wanda ya tsallake shi zai yi ta sallama ana ce masa maigidan ba ya nan. Mutanenmu sun ga masu riga da takarda da yawa, kuma ba su manta da rigimar allurar shan-inna ta 2003 ba. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba sannan aka kai ga shelar kawar da cutar a Afirka a watan Agusta na 2020.

Ke kuma kina da abin da ɗalibi namiji ba shi da shi. Shi iyakarsa zaure, ko da ba a rubuta "ba shiga" a bango ba. Ke za ki wuce har tsakar gida, ki ga inda randa take, ko moɗa ɗaya ce ake sha da ita ake kuma tsoma ta, tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, inda ake shanya kwanuka, abin da ake ba yaron da aka yaye. Rabin abin da ke kawo yara asibiti a nan tsakar gidan yake, kuma likitan da ke zaune a ofis bai taɓa ganinsa ba.

Sai dai ki iya bakinki. Takardun tambayoyin da ake ba ku yawanci da Turanci aka tsara su, ga mutanen da ba namu ba. Za ki ga an ce ki tambayi mace sunan mijinta. Ba za ta faɗa ba, sai dai ta yi murmushi ta kira wani yaro ya faɗa miki. Ki tambaye ta sunan ɗanta na fari, ta kau da kai. Ki ce 'ya'yanki nawa, wata ta ƙidaya masu rai kawai, wata ta haɗa da na kishiya da take riƙo, wata ta tsallake na farin saboda kunya. In ba ki san wannan ba, lissafinki zai fito tsaf a takarda alhali ƙarya ne. Ki riƙa cewa haihuwa nawa kika yi, nawa Allah ya bar miki. Shekarun yaro kuma ki bi ta azumi da salla da kaka: an haife shi kafin ƙaramar salla ko bayanta, an yi girbin gero ko ba a yi ba. Ki kira babba Inna ko Baba ko Iya, sa'arki ki ce Yaya ko maman wane. Ungozomar garin ki mai da ita uwa. Ta karɓi haihuwar rabin mutanen da za ki yi magana da su, in ta ce a saurare ki za a saurare ki. Ko kin ga tana wani abin da kika san kuskure ne, kamar shafa wa cibiya abin da bai dace ba, kada ki gyara mata a gaban mutane. Ki kai wa incaji, ku san yadda za a yi.

Lokaci ma abin lura ne. Ranar kasuwa ba kowa a gida. Da damina maza suna gona tun asuba, mata da yawa suna kai abinci da hantsi. Juma'a rabin yini ce. Da azumi kuwa ki yi abin da za ki yi kafin azahar.

Kada ki yi alkawari. Wannan na sha ganin ya ɓata wa waɗanda suka zo daga baya. Ɗalibi ya ga famfon gari ya lalace, tausayi ya kama shi, ya ce in sha Allahu za mu kai maganar sama. Su kuma sun ji gwamnati ta yi magana. Wata shida ya ƙare ya koma makaranta, famfo yana nan yadda yake, ɗaliban baɗi su zo a ce musu ai irinku sun zo bara. Abin da za ki iya kawai za ki faɗa. Kuma kada ki wuce matsayinki: farar riga tana sa a kira ki likita, har a kawo miki yaro a ce ki rubuta magani. Ki ce ni ɗaliba ce, ga wanda zai duba shi. Ba ki sa hannu a sakamakon gwaji, ba ki yin allura, ba ki faɗa wa mutum abin da aka gani a jininsa. Abin da kika gani a rajistar asibiti ya mutu a cikinki, musamman da yake garinku ne, za ki ci karo da sunan wanda kika sani. Hoton yaron tamowa kuma ba abin ɗorawa a Facebook ko WhatsApp ba ne. Da ƙanenki ne ba za ki so ba.

Ita hidimar fa? Ra'ayina shi ne duk ɗalibin da gari ya ba shi wata shida na lokacinsa da sirrinsa, akwai bashi a kansa. Ba sai babban abu ba. Wata ɗalibata ta bi rijiyoyi da famfunan unguwa uku ta zana taswirarsu a kwali, ta nuna masu aiki da matattu da waɗanda ke kusa da masai, ta bar kwafi ɗaya wurin mai unguwa ɗaya a asibiti. Wani ya gyara rajistar rigakafi ya fitar da sunayen yaran da suka fara allura ba su ƙarasa ba, aka bi su gida. Kafin ki tafi, ki nemi a tara miki matan da kika yi aiki da su, ki gaya musu abin da kika gano da Hausar da za su gane. Yawancin masu bincike ba sa komawa, shi ya sa ake ce musu masu ɗebe-ɗebe.

Ba zan ɓoye miki abin da za ki rasa ba. Akwai manyan injinan gwaji da ƙawayenki za su gani a Abuja waɗanda ba za ki gani a Daura ba, in ma an bar su sun matsa kusa da su. Maganin wannan shi ne ki nemi a rubuta miki izinin yin mako huɗu ko shida na ƙarshe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Tafiyar kamar kilomita 80 ce, kuma da wuya a ce ba ku da dangi a cikin birni da Baba zai yarda ki sauka wurinsu. Amma a rubuce, da sanin kodineta, domin in mai duba ku ya zo inda kika rubuta bai same ki ba, zai ɗauka gudu kika yi.

Takardu kuma kada ki yi wasa da su. Ki mayar wa makaranta takardar amincewar wurin da ya karɓe ki. Da kin fara aiki ki cike fom ɗin sanar da farawa ki kai ofishin ITF a cikin makonnin farko. Littafin aiki ki rubuta shi kullum da yamma, abin da hannunki ya yi da abin da ya ƙi yiwuwa, har da zane, mai kula da ke ya sa hannu mako-mako. A ƙarshe akwai fom na 8, wato fom ɗin rahoton kammala aikin. Akwai masu zama a gida su biya kuɗi a buga musu hatimi. Muna gane su a minti biyu na ranar kare rahoto, tambaya ɗaya ce: wane launi abin ya koma? Alawus ɗin ITF kuwa kada ki ɗora tukunya a kansa. Shekara da shekaru yana kan naira 2,500 a wata, kuma yakan zo bayan an manta da shi. A nan ma kin ci riba, domin ƙawayenki kuɗin mota da na abinci kaɗai za su cinye abin da ya fi kuɗin makarantarsu.

Kafin ki taɓa jinin kowa ki yi gwajin ciwon hanta nau'in B, in ba ki da shi ki fara allurar rigakafinsa, guda uku ce. Ki sayi safar hannu kwali ɗaya na kanki, domin akwai ranar da za a ce sun ƙare. Maganar tsaro kuma, yankin Daura ya fi na yammaci da kudancin jihar kwanciyar hankali, amma duk da haka ba ki fita ke kaɗai, ba ki bin hanyar da 'yan gari suka ce a bari, kuma la'asar ta same ki a hanyar gida. 'Yan ajinku da ke tunanin Batsari ko Safana ko Ɗanmusa ko Ƙanƙara, su tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan makon, su tsaya cikin gari, kada neman maki ya kai su daji.

Kin ce ba ki da uwa a gindin murhu. A Abuja ne ba ki da ita. A Daura, Baban da ya hana ki tafiya ya san wanda ya san shugaban ɗakin gwaji, ko dai sun yi makaranta tare ko suna sahu ɗaya a masallaci. Tunda shi ya yanke hukuncin, ki roƙe shi cikin ladabi ya raka ki ranar kai takarda. In kun je, bayan gaisuwa ki yi wa mai ɗakin tambaya biyu: ɗalibai nawa ke wurinsa yanzu, kuma bayan mako nawa yake barin ɗalibi ya rina gilashi da kansa. In ya ce ashirin ne kuma kallo kawai ake yi, ki yi godiya ku gwada wata cibiyar. In ya ce su uku ne, ki zo Litinin da farar rigarki, ki je tun bakwai da rabi, ki tarar da mai shara.